Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministocin Makamashi Kan Koren Haidurojin

Masu girma ministocin makamashi da wakilan ƙasashe da ke halartar tarukan sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto muku wannan wasiƙa ne kan koren haidurojin, wato haidurojin da ake samu idan aka raba ruwa gida biyu da wutar lantarkin da ta fito daga hasken rana ko iska ko madatsar ruwa. A 'yan shekarun nan da wuya a ga takardar manufofin makamashi da gwamnatocinku suka fitar wadda ba a ware masa babi guda a cikinta ba. Japan ce ta fara fitar da tsarinta na ƙasa a 2017, Jamus da Tarayyar Turai suka fitar da nasu a 2020, daga nan ƙasashe da dama suka bi sahu, kowacce da alƙawarinta da shekarar da ta ɗibar wa kanta. Roƙon da nake son gabatar muku shi ne ku daina kallon koren haidurojin a matsayin magajin fetur da gas a kowane aiki, ku ɗauke shi a matsayin kaya mai tsada da wuyar samu wanda ya kamata a tanadar wa ayyukan da babu mai iya yin su sai shi. Ina cikin masu goyon bayansa, kuma wannan goyon bayan ne ya sa nake damuwa da yadda ake warwatsa kuɗin jama'a da sunansa.

Ranku ya daɗe, tushen maganar duka yana cikin lissafi guda wanda ba ya sauyawa da sauyin gwamnati. Ban da 'yan wurare ƙalilan, irin wata rijiya a Mali da ke fitar da shi daga ƙarƙashin ƙasa, haidurojin ba abu ne da ake haƙowa kamar kwal ko ɗanyen mai ba. Yana nan da yawa a duniya, amma a ɗaure yake da wasu sinadarai, a cikin ruwa da gas da jikin tsirrai, kuma sai an kashe makamashi kafin a kwance shi. Na'urar da ke raba ruwa tana shan lantarki kilowat-awa 50 zuwa 55 kafin ta ba da kilo ɗaya na haidurojin, alhali ƙarfin da za a iya amfana da shi a cikin wannan kilo bai wuce kilowat-awa 33 ba. Kashi ɗaya cikin uku ya tafi ke nan tun a matakin farko. Sai a zo ga ajiya: ko dai a matse shi a tukwane masu kauri, waɗanda a motoci matsinsu ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 700, ko a sanyaya shi har digiri 253 ƙasa da sifili don ya zama ruwa, aikin da shi kaɗai yake cinye kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da ke cikinsa. Idan kuma aka ce a sake mayar da shi lantarki, to kusan rabin abin da ya saura ya tafi a zafi. Wanda ya zuba lantarki awo 100 a wannan hanya ya jira ta dawo masa lantarki, 30 zuwa 40 zai karɓa, alhali batir zai dawo masa da wajen 85 zuwa 90. Injiniyoyi za su rage wannan asara kaɗan da kaɗan, amma ba za su shafe ta ba, domin yawancinta daga ɗabi'ar abin take.

Duk da haka akwai dalili mai ƙarfi da ya sa duniya ke bukatarsa, kuma abin mamaki shi ne dalilin da aka fi yin shiru a kansa a jawaban buɗe taro. A yau ana sarrafa haidurojin kusan tan miliyan 100 a kowace shekara, kuma kusan dukansa daga iskar gas da kwal ake fitar da shi. Hukumar Makamashi ta Duniya ta sha bayyana cewa wanda ake samarwa ta hanya mai tsabta bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma hayaƙin kabon da wannan masana'anta ke saki ya haura tan miliyan 900 a shekara, wanda ya fi abin da ƙasar Jamus gaba ɗaya ke fitarwa. Matatun mai suna amfani da shi wajen cire farar wuta daga fetur da dizal, masana'antun taki suna haɗa shi da naitirojin su yi amoniya, wasu kuma suna yin metanol da shi. Waɗannan masu saye ne da suke nan tun tuni, da bututunsu da ma'aikatansu da suka san yadda ake riƙe shi. Idan aka ce a maye gurbin wannan tan miliyan 100 da kore, ana bukatar lantarki kimanin terawat-awa 5,000 a shekara, wanda ya fi duk abin da Amurka ke samarwa, kuma ya kai kusan kashi ɗaya cikin shida na lantarkin duniya. Wannan kafin a zuba ko kilo ɗaya a mota ke nan. Wanda ya riƙe wannan adadi a zuciyarsa ba zai yi saurin yi wa kowane fanni alƙawarin haidurojin ba.

Takin zamani shi ne wurin da hujjar ta fi ƙarfi. Tun da Fritz Haber ya nuna a 1909 cewa za a iya haɗa naitirojin na iska da haidurojin a samu amoniya, Carl Bosch kuma ya mai da abin masana'anta a Oppau ta Jamus a 1913, noman duniya ya rataya a kan wannan haɗi, har masana na ƙiyasta cewa abincin kusan rabin mutanen duniya ya dogara da shi. A nan babu zancen batir ko waya, domin sinadarin haidurojin kansa ake bukata a cikin amoniyar. Kowane kilo da aka fitar daga gas yana zuwa da kilo 9 zuwa 10 na hayaƙin kabon, na kwal kuwa ya kusa ninka haka. Kuma hanyar raba ruwa ba sabuwa ba ce a wannan fanni: kamfanin Norsk Hydro ya yi amoniya da lantarkin madatsun ruwa a Rjukan ta Norway tun ƙarshen shekarun 1920, masana'antar KIMA a Aswan ta Masar ma ta yi haka daga wajen 1960, sai arahar gas ta zo ta ture wannan hanya. A 2022, da farashin gas ya yi tashin gwauron zabi bayan mamayar Rasha a Yukren, masana'antun amoniya da yawa a Turai suka rage aiki ko suka tsaya cik, farashin taki ya hau, manoman nahiyoyin da ba su da hannu a yaƙin suka ɗanɗana kuɗarsu. Ƙasar da ke yin takinta da ranarta da iskarta ta rage hayaƙi, ta kuma tsame abincin jama'arta daga rikicin kasuwar gas.

Na biyu a ƙarfi shi ne ƙarfe. Masana'antar ƙarfe tana fitar da kashi 7 zuwa 9 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya, kuma babban dalili shi ne yadda ake tace tama. Tama ƙarfe ne haɗe da oksijin, kuma a tanderun gargajiya gawayin kwal ne ke fizge oksijin ɗin ya fita da shi a matsayin hayaƙin kabon, wajen tan biyu a kan kowane tan na ƙarfe. Idan aka hura haidurojin a madadin kwal, shi ma yana fizge oksijin, amma abin da ke fita daga bututun hayaƙi tururin ruwa ne. An gwada an gani: aikin HYBRIT, wanda kamfanonin SSAB da LKAB da Vattenfall suka haɗa hannu a kai a Luleå ta arewacin Suwidin, ya miƙa wa kamfanin Volvo ƙarfen farko da aka yi ta wannan hanya a 2021. Amma gwaji daban, kasuwa daban. A 2025 kamfanin ArcelorMittal ya janye daga shirin sauya masana'antunsa na Bremen da Eisenhüttenstadt, duk da tallafin Yuro biliyan 1.3 da gwamnatin Jamus ta ware masa, yana mai cewa tsadar makamashi ba za ta bar aikin ya fitar da kansa ba. Darasin da na gani a nan shi ne ko a fannin da haidurojin ya fi dacewa, ba ya isa kuma yana da tsada, don haka duk kilon da aka karkatar zuwa wani wuri daga bakin masu ƙarfe da masu taki aka ƙwace shi.

Jiragen ruwa masu dogon zango da jiragen sama su ma suna da rabo, ko da yake yawanci ba haidurojin tsagwaronsa za su sha ba, sai abin da aka haɗa da shi, kamar amoniya da metanol da man jirgi na haɗi. Kamfanin Maersk ya fara aiki da jirgin dakon kaya mai iya shan metanol a 2023, Airbus kuwa a farkon 2025 ya ɗaga burinsa na fitar da jirgin sama mai haidurojin nan da 2035. Haka nan akwai amfani a ajiyar makamashi ta dogon lokaci, domin batir yana cike giɓin awanni, amma makonnin hunturu da rana ba ta fitowa iska kuma ta kwanta sun fi ƙarfinsa. A Teesside ta Ingila ana adana haidurojin a ramukan gishiri na ƙarƙashin ƙasa tun farkon shekarun 1970, kuma irin wannan ajiya na iya zama abin dogaro na 'yan kwanakin ƙunci a shekara, inda asarar da na ambata ta zama kuɗin kwanciyar hankali.

Yanzu sai in zo inda nake ganin an yi ɓarna, wato ƙananan motoci da ɗumama gidaje. A 2003 Shugaban Amurka George W. Bush ya sanar da ware dala biliyan 1.2 don binciken motocin haidurojin, yana fatan motar farko ta yaron da aka haifa a lokacin za ta kasance irinsu. Waɗannan yara sun girma sun sami lasisin tuƙi, kuma wanda ya bar fetur a cikinsu galibi motar batir ya koma. Toyota ta fitar da Mirai a 2014, motar haidurojin ce mai kyau da aka ƙera da gwaninta, amma duk motocin haidurojin da ke kan titunan duniya ba su kai adadin motocin lantarki da ake sayarwa a mako guda yanzu ba, kuma a 2024 kamfanin Shell ya rufe gidajen sayar da haidurojin na ƙananan motoci da yake da su a Kalifoniya. Dalilin shi ne wancan lissafi: daga lantarki awo 100, motar batir tana kai 70 ko fiye zuwa taya, ta haidurojin kuwa wajen 30. Jihar Lower Saxony ta Jamus, wadda ta fara sa jirgin ƙasa mai haidurojin ɗaukar fasinja a 2018, ta bayyana a 2023 cewa sauran layukanta jiragen batir za ta saya musu saboda sun fi arahar gudanarwa. Wanda ya gwada da kuɗinsa ya faɗi haka, ya kamata a saurare shi.

Maganar gidaje ta fi wannan muni. Na'urar da ke jawo ɗumi daga iskar waje zuwa cikin gida tana ba da zafi wajen awo 300 daga lantarki awo 100, alhali idan aka bi ta haidurojin aka ƙona shi a tukunyar ɗumama ruwa, da ƙyar a samu 60. Ke nan ƙasar da ta zaɓi haidurojin don ɗumama gidajenta sai ta kafa injinan iska da faifan sola kusan ninki biyar don aiki guda. Birtaniya ta shirya gwada haka a garuruwan Whitby da Redcar, ta soke duka biyun a 2023, na farko bayan mazauna sun ƙi amincewa, na biyu saboda haidurojin da za a yi gwajin da shi bai samu ba. Akwai kuma dabarar cuɗa shi da gas a bututun da ake da su, wadda kamfanonin gas ke so ƙwarai. Da yake ƙarfin da ke cikin mudu guda na haidurojin kashi ɗaya cikin uku ne na mudun gas, cuɗa kashi 20 cikin 100 ba ya rage hayaƙi sai da wajen kashi 7. Wannan kamar a ɗauki zuma a zuba a rijiya ne don ruwan gari ya yi zaƙi. Ba na zargin kowa da mugun nufi, amma ya dace ku lura cewa masu bututun gas suna da bukatar a ce bututunsu yana da gobe, kuma shawararsu ba za ta rasa ɗanɗanon wannan bukata ba.

Wani abu da nake roƙon ku tsaya a kansa da ƙarfi shi ne asalin wutar da ake raba ruwan da ita. Na'urar raba ruwa ba ta tambayar inda lantarki ya fito. Idan aka jona ta da layin da kwal ke ciyarwa, inda kowace kilowat-awa ke zuwa da kusan kilo ɗaya na hayaƙi, to kilo ɗaya na haidurojin zai ɗauko wajen kilo 50 na kabon, ninki biyar na wanda ake yi da gas kai tsaye. Ko da an ce daga tashar sola aka saya, idan tashar tana nan tun da, tana ba gidaje wuta, to janye wutarta yana nufin wata tashar gas ko kwal za ta ƙara wuta don cike giɓin, hayaƙin ya koma wani wuri kawai ba tare da ya shiga takardar shaidar tsabtar haidurojin ba. Tarayyar Turai ta fitar da ƙa'idoji a 2023 da ke neman wutar ta fito daga sababbin tashoshi, a yanki ɗaya, kuma daga 2030 a daidaita samarwa da sha awa da awa. Masu masana'antu suna kukan cewa ƙa'idojin sun yi tsauri suna kashe ayyuka, kuma gaskiya ne suna ƙara tsada, domin na'urar da ke aiki sai lokacin da rana ta fito ko iska ta kaɗa tana daɗewa kafin ta mayar da kuɗinta. An ga wahalar a Kuqa ta yankin Sinjiyang na ƙasar Sin, inda kamfanin Sinopec ya buɗe tasha mai megawat 260 a 2023, aka kuma ruwaito na'urorin sun sha fama da hawa da saukar wutar sola. Amma idan aka sassauta har ƙa'idar ta rasa haƙori, jama'a za su biya tallafi don a ƙara hayaƙi, kuma ranar da suka gane haka za su juya wa aikin baya gaba ɗaya, har da ɓangarensa mai amfani.

Jigilarsa ma aiki ne ja. Haidurojin shi ne mafi sauƙin nauyi a duk sinadarai. Kilo guda yana ɗauke da ƙarfin da ya kusa ninka na kilon fetur sau uku, amma ko an mai da shi ruwa, ƙarfin lita guda wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na litar fetur. A 2022 jirgin Suiso Frontier ya ɗauko ruwan haidurojin daga Ostiraliya zuwa Kobe ta Japan, karo na farko a tarihi, sai dai kayan ɗan kaɗan ne, kuma ba ruwa aka raba aka samo shi ba, yawancinsa daga kwal da gas ya fito. Shi ya sa manyan ayyukan fitarwa suka koma ga amoniya, wadda ke zama ruwa a digiri 33 ƙasa da sifili kuma an daɗe ana dakonta a teku, ko da yake guba ce mai ƙona huhu idan ta tsiyaye, kuma sake fasa ta don ciro haidurojin wata asarar ce. Ƙwayoyin haidurojin ƙanana ne ƙwarai, suna kutsawa cikin wasu nau'o'in ƙarfe su sa su gautsi, suna kuma sulalewa ta mahaɗar da gas ba zai iya bi ba. Wanda ya sulale ba ya riƙe zafi da kansa, amma yana cinye sinadaran sama da ke wanke iskar metan mai riƙe zafi, sai metan ɗin ya daɗe, kuma binciken baya-bayan nan ya ƙiyasta tasirin ɗumamarsa a shekara 100 ya ninka na kabon fiye da sau 10, kilo da kilo. Ba shi da wari, harshen wutarsa da ƙyar ake ganinsa da rana, kuma yana kamawa idan ya kai kashi 4 har zuwa 75 cikin 100 na iska. A 2019 tankin haidurojin ya fashe a Gangneung ta Koriya ta Kudu ya kashe mutum biyu, wani gidan sayar da shi kuma ya fashe kusa da Oslo. Masana'antu sun fi shekara ɗari suna riƙe shi cikin tsari, don haka ba abin tsoro ba ne a hannun ƙwararru, amma wannan ma wani dalili ne na barinsa a harabar masana'anta maimakon raba shi ɗaki ɗaki.

Game da tsada, haidurojin na gas yana kamawa dala 1 zuwa 2 kan kilo inda gas ke da araha, koren kuwa a yawancin wurare ya ninka haka sau biyu ko uku ko fiye. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta sa burin dala 1 kan kilo cikin shekara goma a 2021, dokar 2022 ta ba da rangwamen haraji har dala 3 kan kilo, sai wata dokar ta 2025 ta taƙaita wa'adin wannan rangwame. Tarayyar Turai ta ce a 2022 za ta samar da tan miliyan 10 ta kuma shigo da wasu miliyan 10 nan da 2030, sai kotunta ta binciken kuɗi ta fito a 2024 ta ce burin bai tsaya kan ingantaccen nazari ba. A shekarar ce kuma kamfanin Fortescue na Ostiraliya ya ja da baya daga burinsa na tan miliyan 15. An yi zaton farashin na'urorin raba ruwa zai faɗi kamar yadda na faifan sola ya faɗi, amma tashar haidurojin ta fi kama da masana'antar sinadarai, da famfunanta da bututunta da na'urorin matsi, kuma kaso mafi girma na kuɗin kilo guda kuɗin lantarki ne. Wani nau'in na'urar ma yana bukatar iridiyom, ƙarfen da duk duniya ba a haƙo fiye da tan 7 zuwa 8 a shekara, yawancinsa a Afirka ta Kudu. Abin da ya fi kashe ayyuka shi ne rashin mai saye da zai sa hannu kan yarjejeniyar shekaru, domin banki ba ya ba da bashi a kan takardar fahimtar juna.

Akwai kuma batun adalci tsakanin ƙasashe, wanda ku ne kaɗai za ku iya warware shi. Wuraren da rana ta fi ƙarfi iska ta fi kaɗawa galibi busassu ne. Kilo guda yana cin lita 9 na tataccen ruwa a ƙa'ida, a aikace kuwa ya ninka haka idan aka haɗa da tacewa da sanyaya na'urori. A ma'aunin duniya wannan ba komai ba ne idan aka kwatanta da abin da noman rani ke sha, kuma tace ruwan teku ba ya ƙara wa farashi wani abin kirki, amma ga al'ummar da ke gefen tashar, wa ya sami ruwan da ina aka zubar da gishirin da aka tace tambayoyi ne na rayuwa. Saudiyya tana gina tashar NEOM ta dala biliyan 8.4, mai burin tan 600 na haidurojin a rana da za a fitar a matsayin amoniya, kuma ita tana da kuɗin ɗaukar kasadar. Namibiya kuwa, inda aka tsara aikin Hyphen na kusan dala biliyan 10 a gandun Tsau Khaeb kusa da Lüderitz, ƙasa ce da ke sayo fiye da rabin lantarkinta daga maƙwabta, kuma kusan rabin jama'arta ba su da wuta a gida. A Afirka kudu da Sahara mutum wajen miliyan 600 ne ke cikin wannan hali. Ba na cewa kada a yi irin waɗannan ayyuka, domin jari da aikin yi da kuɗin shiga abin so ne, kuma ƙasashen da abin ya shafa su ne suka fi kowa sanin maslaharsu. Amma tsarin da za a shimfiɗa faifan sola a hamadar wata ƙasa, a loda amfaninsu a jirgi zuwa masana'antun wata, a bar masu ƙasar da fitilar kananzir, tsari ne da tarihi ya san shi da wasu kayayyakin. Tunda dakon haidurojin yana da wuya, dakon taki da tataccen ƙarfe kuma yana da sauƙi, hankali da adalci sun haɗu a wuri guda: a kai masana'antar inda ranar take, a fitar da kayan da aka gama.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ina roƙon ku ɗaure tallafin gwamnati da wurin da haidurojin zai je, ta yadda masu taki da matatun mai da masu ƙarfe za su zo gaba, jiragen ruwa da na sama su biyo, a bar ƙananan motoci da ɗumama gidaje su yi gogayya a kasuwa ba da kuɗin haraji ba. Ku taimaka wa masu saye kamar yadda kuke taimaka wa masu samarwa, ko ta cike musu bambancin farashi na wasu shekaru, ko ta sa gwamnatocinku su sayi tsabtataccen ƙarfe a ayyukan gadoji da layin dogo. A taron sauyin yanayi na Dubai na 2023 ƙasashe da dama sun amince su riƙa karɓar takardun shaidar haidurojin na juna. Ina fatan ma'aunin da za ku tsayar zai ƙirga hayaƙin wutar da aka sha awa da awa, ya kuma tilasta auna abin da ke sulalewa daga bututu da tankuna a bayyana shi ga jama'a. Kuma a duk yarjejeniyar fitarwa tsakanin ƙasa mai saye da ƙasa mai rana, a rubuta a fili yawan megawat da za a jona wa layin wutar ƙasar da yawan ruwan da za a ba garuruwan da ke kusa, tare da ranar da za a fara, kafin jirgin farko ya bar tashar.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai bibiyar harkokin makamashi